Mariama Bayard da zaɓen 2011

Da yawanku kun san bikin 13 ga Mayu da anko da kiɗa kawai. To, a wannan rana ta 1991 mata suka cika titunan Yamai, don mace ɗaya tak aka saka cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Mariama Gamatié Bayard, haifaffiyar Maraɗi, tana cikinsu. A 1997 ta zama ministar sadarwa. A 2011 kuma ta tsaya takarar shugaban ƙasa, mace ta farko a Nijar, ita kaɗai cikin ƴan takara 10. Ko kashi 1 cikin 100 ba ta samu ba, alhali mata sun kai rabin jama'ar ƙasar nan. Ku tambayi iyayenku mata, wa suka zaɓa ran nan?