A Bar Gidan Fitila Inda Yake, Ƙwan Za A Sake

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a gaban taron malaman makaranta da masu gyaran wuta da 'yan kasuwa a Samaru Kataf, cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf ta Jihar Kaduna.



Abin da ya tara mu yau ƙaramin abu ne a ido, watau dogon ƙwan lantarkin nan mai tsawon ƙafa 4, wanda ke maƙale a azuzuwan makarantunmu da ɗakunan shan magani da majami'u da masallatai da shagunan teloli, tun daga nan Samaru har Zonkwa da Kafanchan. Duk wanda ya yi karatun dare a makarantar kwana ya san halinsa. Ni kaina na tuna yadda muke zaune da littattafai a buɗe, ƙwan yana ƙyaftawa kamar mai ciwon ido, har sai dogon yaro ya hau tebur ya murɗa sitata, sa'an nan ko ya kama ko mu koma ga fitilar ƙwai. A lokacin muna cewa ƙwan ne ya mutu. Ashe ƙarfin wutar ne bai kai ba.

Ya kamata mu fahimci dalili, domin a nan maganar take. Dogon ƙwan nan, wanda aka fara sayarwa a Amurka cikin 1938, ba shi da zaren da ke yin ja ya ba da haske kamar ƙwan da muka saba. Cikinsa iskar gas ce da ɗan ɗigon zaiba, an kuma shafe gilashin daga ciki da farin gari. Kafin ya kama sai an yi masa bugu mai ƙarfi na wuta, wannan kuwa shi ne aikin sitata da baƙin ƙarfen nan mai nauyi da masu gyara ke kira cok. An ƙera su ne bisa zaton wuta za ta zo cikakkiya, watau bolt 230 ko kusa da haka. Idan ta zo a raunane, kamar yadda takan zo a ƙarshen dogon layi da magariba sa'ad da kowa ya kunna kayansa, bugun ba ya isa. Sai ƙwan ya yi ta ƙyaftawa, cok yana gurnani yana zafi, mita kuwa tana ƙirga.

Sabon ƙwan da ake kira LED ba ya bukatar bugu. Ƙananan ƙwayoyi ne jere a cikin bututu, wuta na ratsa su sai su haskaka nan take. An sami na jan haske tun 1962, amma farin haske bai yiwu ba sai da masana 3 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da shuɗin a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel cikin 2014. Abin da ya fi shafarmu shi ne, da yawa daga cikin waɗannan ƙwayaye an rubuta a kwalinsu cewa suna aiki daga bolt 85 zuwa 265. Wanda ya san yadda wutarmu take zuwa ya san darajar wannan rubutu.

Yanzu ga lissafi. Dogon ƙwai mai ƙafa 4 yana cin wat 36, tsohon mai kauri kuma 40. Cok shi ma yana cin nasa, wajen wat 9, wanda ba ya zama haske, zafi kawai yake zama. A haɗa, wajen 45 ke nan. Ƙwan LED mai wannan tsawo yawanci wat 18 ne. Alal misali, aji mai ƙwai 6 da ake kunnawa awa 5 kowane dare: na da za su ci wat 270, sababbin 108, bambancin cikin kwana 30 ya ɗara yunit 24. Aji ɗaya ke nan. A da ba wanda ya damu da irin wannan ƙirga, amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin yunit na rukunin A zuwa Naira 225 a watan Afrilun 2024, kowa ya koyi ƙirga. Ko wanda ba ya cikin wannan rukuni, ai yana sayen man janareta. Ƙaramin janareta mai wat 650 ba zai ɗauki tsofaffin ƙwai fiye da 14 ba, alhali yana iya ɗaukar sababbi fiye da 30.

Ba zan ɓoye muku ba, yawan hasken da LED mai wat 18 ke fitarwa bai cika kai na sabon dogon ƙwai mai kyau ba. Amma dogon ƙwai yana watsa nasa ko'ina, har da rufi inda ba mai karatu, shi kuwa LED ƙasa yake zubo nasa, bisa tebur da keken ɗinki.

To, ina kuskuren da na zo in yi magana a kai? Na ga inda aka ɓalle gidajen fitila lafiyayyu daga rufi, aka tara su a bayan sito ruwa yana dukansu, aka sayo sababbi da kuɗi mai yawa. Wannan almubazzaranci ne. Gidan fitila farantin ƙarfe ne da mariƙi biyu, ƙafafun ƙwan LED kuwa daidai suke da na tsohon, don haka yana shiga ba tare da gardama ba. Abin da za a sake shi ne hanyar waya.

Hanya biyu ce. Ta farko, akwai ƙwan da ke zuwa da tasa sitatar ta musamman: a cire tsohuwar sitata, a sa wannan, a bar cok inda yake. Tana da sauƙi, amma cok ya tsufa, ran da ya ƙone fitila ta mutu. Ta biyu, wadda ni na fi so, ita ce a cire cok da sitata gaba ɗaya, a kai waya kai tsaye ga mariƙi. A nan ne ake bukatar natsuwa, domin ƙwayayen iri biyu ne. Wani yana karɓar wayoyin duka biyu a kai ɗaya, wani kuwa waya mai wuta a wannan kai, ɗayar a wancan. Wanda ya haɗa na farko kamar na biyu ba zai ga haske ba, wanda kuma ya yi akasin haka yana iya haɗa wuta da wuta, ya ji ƙara. Zanen yana jikin kwali. Masu gyara, don Allah ku duba shi, kada ku ce kun saba. Idan gidan fitilar mai cok na zamani ne, marar nauyi marar sitata, cire shi ya fi.

Kafin a taɓa kome, a kashe babban makunni, a kuma tabbata janareta ba ya kan layin. Kada wani ya ce ai an ɗauke wuta. Wutar da aka ɗauke ba ta sallama ran da za ta komo. Bayan an gama, a rubuta a jikin farantin da alƙalami mai kauri cewa an cire cok, domin wanda ya zo baya ya maida tsohon dogon ƙwai a wurin yana iya fasa shi a fuskarsa.

Wajen saye, a nemi mai alamar hukumar SON, a karanta yawan wat da na lumen, watau ma'aunin haske, a kuma roƙi mai shago ya rubuta kwanan wata a jikin ƙwan. Ana rubuta awa 25,000 ko fiye a kwali, amma mai arha wanda ba shi da nauyi a hannu ba ya ganin damina biyu, balle a wannan ƙasa tamu mai yawan tsawa.

Saura tsohon ƙwan. Zaibar da ke cikinsa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta fi kuma cutar da yara da mata masu ciki. Saboda ita ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata cikin 2013, Nijeriya ta amince da ita cikin 2018, sa'an nan a taron Janiba na 2023 aka yanke cewa za a daina ƙera dogon ƙwai da cinikinsa tsakanin ƙasashe daga ƙarshen 2027. Watau ko ba mu so, ƙwan zai ɓace daga kasuwa. Kada a bar yara su yi takobi da shi, kada a jefa shi a bola inda ake cinna wuta, kada kuma a ɗaura shi bisa gora a ce eriyar talabijin ce. A maida shi cikin kwalin sabon, a ajiye inda ba zai fashe ba. Idan ya fashe a ɗaki, a fitar da kowa, a buɗe tagogi na minti 15, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba, a ƙulle cikin kwalba mai murfi.

Ga gidan fitila guda na zo da shi, da ƙwai iri biyun da na ambata. Masu gyara su matso kusa, mu buɗe shi tare kowa ya ga inda waya ke bi.