Jawabi a kan lambar gidan waya da adireshin ƙauyenmu

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara muku lafiya. Ƴan'uwa ƴan ci-rani da kunka zo daga Yamai, Kano, Abijan da Kumasi, barkanku da zuwa.

Tambayar da anka ɗora mana ita ce: shin ƙasa tana bukatar lambar gidan waya, wadda a Faransanci a ke kira code postal? Mu dai mun ce tana bukata, amma lamba kaɗai ba ta kai takarda gida.

Ga yadda abin ya ke aiki. Ma'aikacin gidan waya ba ya iya sanin kowane gari. In akwai lamba a bayan ambulan, ita zai duba, ya jefa takarda a buhun da ya dace. Amurka ta soma nata tsarin a 1963, Faransa ta kafa mai alƙaluma 5 a 1972. Nijar ma tana da nata, mai alƙaluma 4. Na farko shi ke nuna jaha: 1 Agadas, 2 Difa, 3 Doso, 4 Maraɗi, 5 Tawa, 6 Tilaberi, 7 Damagaram, 8 Yamai.

To ina matsalar? Lambar nan a gidan waya ta ke tsayawa. A ƙasarmu takarda akwatin gidan waya ta ke shiga, wanda a ke rubutawa B.P., mai akwati ya zo da makulli ya ɗauka. Ƙauyen da ba shi da akwati sai ya ara na lakkol, ko na wani ɗan kasuwa a birni. Takarda sai ta kwana can har ranar kasuwa. In kiran jarrabawa ne, ko sammacin kotu, ko takardar fansho, ranar tana iya wucewa mai ita bai sani ba.

Matsala ta biyu sunaye ne. Sabon Gari nawa ne a ƙasar Hausa? Tudun Wada nawa? Kuma mu muna rubuta Gidan, takardun hukuma suna rubuta Guidan. Suna ɗaya, rubutu iri-iri.

Wani zai ce yanzu ga salula, kuɗi ma ta kamfanonin aike su ke zuwa. Gaskiya ne. Amma salula ba ta ɗaukar takardar haihuwa ta ainihi, ko ƙunshin magani. Shi ya sa Gana ta fito da GhanaPostGPS a 2017, don kowane gida ya sami lambarsa.

Kafin irin wannan ya iso mana, ga shawara uku. Ƙungiya ta kama akwati nata a gidan waya mafi kusa, mu haɗa kuɗin shekara. Mu naɗa mutum guda mai zuwa duba shi kowane mako. Sannan mu tsai da rubutun sunan ƙauyenmu guda, daidai da na takardun hukuma, kowa ya riƙa sa shi tare da sunan komin, da jaha, da lamba.

Dattawa, ku ke da yanke magana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da matafiya lafiya. Wassalam.