Ƙafar da Ke Maƙalewa a Dokin Ƙofa

 

A shekarar 1817 wani likita a birnin Landan, James Parkinson, ya wallafa ɗan ƙaramin littafi a kan mutum shida. Uku daga cikinsu a kan titi ya gan su, kuma tafiyarsu ce ta tona asirin ciwonsu: jiki ya ranƙwafa gaba, taku ya gajarce, mutum na ta ƙara sauri ba da son ransa ba don kada ya kifa. Har yau da rawar hannu jama'a suka fi sanin wannan cuta, shi ya sa ake ce mata ciwon karkarwa. Amma ku tambayi ma'aikatan Asibitin Ƙashi na Dala abin da ke kawo musu tsofaffi da karayar ƙugu, za su ce muku faɗuwa. Fiye da rabin masu cutar Parkinson sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Don haka yau ƙafa zan yi wa magana.

Ga abin da 'ya'ya kan faɗa in sun kawo mahaifinsu asibiti: "Likita, a tsakar gida Baba tafiyarsa yake yi. Da ya zo ƙofar zaure sai ya tsaya cak. A yi juyin duniya ba zai ɗaga ƙafa ba." Shi kuwa dattijon cewa zai yi, "Ji nake an liƙe mini ita a ƙasa." Wani lokaci gwiwoyin na ta rawa a wuri ɗaya, dugadugai sun ɗago, yatsu sun ƙi barin ƙasa. Daƙiƙa kaɗan ne, sai ta saki. Wannan daskarewar ta fi zuwa a wurin fara tafiya, da wurin juyawa, da wuri mai matsi, da lokacin da mutum ya kusa isa kujerar da ya nufa, da kuma in ana yi masa gaggawa.

Daga nan fassara ke rabuwa a gida. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce an yi masa asiri an binne a bakin ƙofa, tunda kullum nan take kama shi. Mafi ciwo a ce ganganci ne, wai ai jiya an gan shi ya hau matakala ba wanda ya riƙe shi. Gaskiya ne ya hau. Kuma wannan hawan shi ne mabuɗin fahimtar cutar.

Babu ɗayanku da ya lissafa takunsa daga bakin titi zuwa wannan zaure. Akwai wasu curarrun ƙwayoyi a can ƙasan ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da duk motsin da jiki ya haddace, su auna tsawon taku, su ba dama lokacinta, su ba hagu nata. Suna aiki da wani sinadari, dofamin. Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna matsayinsa a ƙarshen shekarun 1950, aka ba shi kyautar Nobel a 2000, kuma a 1960 Oleh Hornykiewicz ya gano a Biyana cewa ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙwaƙwalwar masu wannan cuta. Kafin alamu su bayyana, kaso mai yawa na ƙwayoyin da ke samar da shi sun riga sun mutu. Ƙarfin ƙafa yana nan. Ku tuna gayyar noma: majiya ƙarfi sun jeru, kowa da garmarsa, makaɗi ya ɗauki ganga, sara ya zo daidai. In gangar ta yi shiru ƙarfin bai tafi ko'ina ba, jerin ne ke wargajewa. Gangar cikin kai ce ta yi shiru, kuma ana iya aro wata daga waje.

Matakala irin wannan aron ce, domin kowane hawa yana gaya wa ido inda ƙafa za ta sauka, umarni ya bi wata hanyar da cutar ba ta lalata ba. A 2010 likitocin Naimegen a ƙasar Holan, Anke Snijders da Bastiaan Bloem, suka nuna wa duniya hoton bidiyon wani majiyyaci da ba ya iya taku kaɗan sai ya daskare, amma da aka ɗora shi a keke sai ya yi ta tuƙi lafiya lau. Kafin nan, a 2007, wani babban gwaji da Alice Nieuwboer ta jagoranta a ƙasashen Turai uku ya koya wa majiyyata tafiya bisa sauti ko alama a cikin gidajensu, aka ga tafiyar ta gyaru, ko da yake amfanin yakan ragu in an daina atisaye.

Wannan magani ne da ba ya bukatar kantin magani. A ja layuka da alli ko fenti a ƙasa, daga gado zuwa ƙofa, tazarar taku guda tsakaninsu, a ce wa dattijo ya tsallake su ɗaya bayan ɗaya. In daskarewar ta kama shi, ya tsaya, ya miƙe, ya karkata nauyinsa dama da hagu, ya ƙirga, sannan ya yi babban taku guda. Wasu tafi ke tashinsu, wasu waƙar da suka saba da ita, wasu kuwa ka sa ƙafarka a gabansu su ƙetare. Wurin juyawa ya yi kewaye mai faɗi maimakon murɗawa a kan ƙafa ɗaya. Abu guda nake roƙonku ku bari, kuma shi ne abin da kowane ɗa nagari ke fara yi: jan hannu. Wanda ƙafarsa ke liƙe in ka ja shi, gangar jikinsa ka ja, ƙafar na baya. Haka nan surutu. Kada ka tambaye shi kuɗin cefane yana tsakiyar tafiya, don hankalin da yake takawa da shi za ka raba masa biyu.

Gidajenmu na cikin birni, in mun faɗi gaskiya, ba a gina su da tunanin irin wannan majiyyaci ba. Zaure ga duhu ga kwana, dokin ƙofa ga tudu, gefen tabarma a naɗe, buta a hanya, ban-ɗaki na tsuguno. Ga silifa da ba ta kama dunduniya, ga babbar riga da ke ɓoye wa mutum ƙafarsa. Kowanne ana iya gyara shi da kuɗi kaɗan: fitila a zaure, ƙarfen riƙewa a bango, kujera mai rami a bayi, takalmi mai maɗauri. Tasowa daga sujada ma wurin haɗari ne, don jinin da yawa daga cikinsu kan sauka in sun miƙe da sauri, jiri ya kwashe su. Malamai na nan, su suka fi ni sanin sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya na yin salla a zaune. Abin da nake so shi ne kada a hana shi masallaci gaba ɗaya. Wanda aka zaunar a ɗaki don tsoron faɗuwa, cikin 'yan watanni cinyoyinsa za su saki, ya zama ga cuta ga rauni.

Ba kowace lalacewar tafiya ce Parkinson ba. Wanda ƙaramar ƙwaƙwalwarsa ta ƙeya ta lalace ware ƙafafu yake yi yana tangaɗi, har a zarge shi da shaye-shaye, kuma wani nau'in gado ne. Hawan jini da aka yi sakaci da shi na toshe ƙananan jijiyoyi ya kama ƙafafu ya bar hannuwa. Akwai taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa da Salomon Hakim ya bayyana a 1965, mai haɗa jan ƙafa da mantuwa da kufcewar fitsari, wadda tiyata kan taimaka wa. Akwai kuma wadda magani ke jawowa, irin su halofaridol da metokulofuramaid na tsayar da amai. Rabe waɗannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano.

Game da magani, tun da George Cotzias ya tabbatar da aikin lebodofa a 1967 ba a sami wanda ya fi shi ba. Yana rage daskarewar da ke zuwa in ƙarfin ƙwaya ya ƙare, amma tangal-tangal ɗin da ke biyo bayan shekaru bai cika jin sa ba. A sha kafin abinci, domin nama da wake da madara na rage shigarsa jini. Kada a yanke shi farat ɗaya, mai niyyar azumi kuma ya ga likitansa tun cikin Sha'aban. Matsalarmu tsada ce da yankewa a kasuwa, har majiyyaci ya riƙa raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. 'Ya'yan karara, wannan mai ƙaiƙayi, suna ɗauke da lebodofa, kuma Roberto Cilia da abokan aikinsa sun gwada garinsu a Bolibiya da Gana. Ban ce kowa ya tafi jeji ba; awo da shirin su ne aikin, kuma bincike ne da ya dace da jami'o'inmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar sun haura miliyan 8.5 a 2019, ninki biyu cikin shekara 25. An daɗe ana cewa ba ta cika kama baƙar fata ba. Binciken gida-gida na shekarun 1980, wanda Farfesa Benjamin Osuntokun ke ciki, ya sami adadin masu cutar a garin Igbo-Ora ya yi ƙasa da na baƙaƙen wata gunduma a Misisifi da kusan ninki biyar, alhali baƙaƙen can da fararen can kusan ɗaya suke. A 2023 kuma Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka ta Yamma. Saura ƙidayar unguwanninmu, da auna ko layin alli da tafi na rage faɗuwa a gidan ƙasa mai zaure. Ɗaliban sashen gashin ƙashi na Jami'ar Bayero da ke zaune a nan, ga batun kundin digiri na ba ku kyauta.

Shugaban taro, na ci lokaci. Sai tambayoyi.