KOWA YA GINA GARUN DA KE ƘOFAR GIDANSA

 A wannan Jubili na shekara 50, bari mu duba darasi daga jama'ar Yahudawa a Littafin Nehemiya sura 3.

A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Babila suka rushe garun Urushalima. Bayan wajen shekara 140, Nehemiya, mai shayar da Sarki Artashate na Farisa, ya sami izini ya koma ya gina shi. Bai ɗauko 'yan kwangila ba. Sai ya raba garun kashi kashi, kowane mutum da nasa rabo.

Eliyashib babban firist da 'yan'uwansa suka gina Ƙofar Tumaki. Maƙeran zinariya da masu yin turare suka bar sana'arsu suka ɗauki dutse. Shallum, mai mulkin rabin yankin Urushalima, ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Malkiya, shi ma mai sarauta ne, amma bai rena Ƙofar Juji ba. Waɗansu kuwa suka gyara sashin da ke daura da gidajensu. Wanda ya yi ha'inci a nan, iyalinsa ne za su kwana cikin hatsari, har da maƙwabtansa. Gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan'uwa, akwai abin tsoro a aya ta 5. Manyan mutanen Tekowa suka ƙi sa hannu, aka kuwa rubuta ƙinsu har wa yau muna karantawa. Amma talakawan Tekowa ba su ce sai manya sun fito ba. Suka gama rabonsu, suka ƙara ɗaukar wani. Da haka aka gama garun cikin kwana 52, duk da ba'ar Sanballat da Tobiya.

Iyayenmu da suka kafa wannan Ikkilisiya sun gina nasu rabo. Mu fa? Kada mu ce aikin na Fasto ne ko na Dattawa. Tarbiyyar 'ya'yanmu, ziyarar marar lafiya, gaskiya a kasuwa, su ne garun da ke ƙofar gidanmu. In an rubuta tarihin shekara 50 masu zuwa, a wane layi za a sami sunanmu?

Ubangiji ya ƙarfafa hannuwanmu. Amin.