Matatar Man Fatakwal da Majalisar Tarayya: Yadda Wakilai Ke Bin Diddigin Aikin Gwamnati

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga Fatakwal ta nufi Eleme, ba zai rasa hangen dogayen bututun hayaƙi da manyan tankuna na matatar mai ba. Matatu biyu ne a wuri guda. Ta farko an buɗe ta a 1965 a Alesa-Eleme, ita ce kuwa matata ta fari a Nijeriya duka, bayan da aka faɗaɗa ta tana iya tace ganga 60,000 a yini. Ta biyu an gama ta a 1989, ita kuma ganga 150,000. Watau in komi yana tafiya daidai, ganga 210,000 ke nan ta ɗanyen mai kowace rana. Amma shekara da shekaru komi bai tafi daidai ba, har ƙasar da Allah ya hore wa ɗanyen mai ta koma sayo fetur daga ƙetare.

Wannan al'amari ya shafi Hausawa mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu fiye da yadda wasu ke zato. Mai albasa a Fatakwal, da mai tumatir da ke jiran mota a bakin gadar Anacha, da mai shanu a Gariki ta Inugu, dukansu kayansu a kan taya suke zuwa, tafiyar kwana biyu ko uku daga Arewa. In kuɗin mai ya tashi, kuɗin mota ya tashi, ribar buhu ta tafi a hanya tun kafin a sauke shi. An ga haka ƙiri-ƙiri bayan ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. To, ɗan kasuwa ba shi da ikon kiran minista ya zaunar da shi ya ce, ina kuɗin gyaran matata, yaushe kuma za ta fara aiki? Amma akwai waɗanda doka ta ba wannan iko, su ne wakilansa: sanatoci 109 a Majalisar Dattijai, da wakilai 360 a Majalisar Wakilai.

Tsarin Mulki na 1999 bai bar wannan magana a dunƙule ba. Sashe na 67 ya wajabta wa minista ya halarci majalisa in an gayyace shi, don ya yi bayanin yadda yake gudanar da ma'aikatarsa. Sashe na 88 ya ba kowace majalisa daga cikin biyun ikon binciken duk wata hukuma ko wani jami'i da ke zartar da dokokin da ta yi, ko yake kashe kuɗin da ta amince a kashe. Ya kuma faɗi dalilin binciken: don a yi sabuwar doka ko a gyara tsohuwa, kuma don a tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ƙara da cewa kwamitin majalisa yana iya rantsar da mai ba da shaida, ya nemi takardu, in kuwa mutum ya ƙi amsa kira ba da wani uzuri ba, a ba 'yan sanda takardar kamo shi. Saboda haka babban jami'in da aka gani zaune gaban kwamiti yana amsa tambaya, ba alfarma ya yi wa kowa ba, umurnin doka ya bi.

Ga yadda abin ya kasance game da matatar Fatakwal. A watan Maris 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da dala miliyan 1,500 don gyara ta, aka ba kamfanin Tecnimont na ƙasar Italiya kwangilar. Ƙaramin Ministan Mai na lokacin, Timipre Sylva, ya ce aikin zai kasance hawa uku, na wata 18, da na wata 24, da na wata 44. Wa'adin farko ya zo ya wuce shiru. A watan Oktoba 2023 Majalisar Dattijai ta kafa kwamiti na musamman ya binciki dukan kuɗin da aka zuba a gyaran matatun Fatakwal da Warri da Kaduna tun daga 2010, kuɗin da aka ambata a zauren majalisa cewa sun haura naira tiriliyan 11. A gaban wannan kwamiti ne shugaban kamfanin mai na ƙasa, NNPC, na lokacin, Malam Mele Kyari, ya ce a watan Maris 2024 saura mako biyu matatar Fatakwal ta fara aiki. Mako biyu suka wuce. A watan Yuli ya sake bayyana gaban 'yan majalisa, ya sa farkon Agusta. Ba a soma lodin mai daga tsohuwar matatar ba sai ran 26 ga Nuwamba 2024. Bayan wata shida, ran 24 ga Mayu 2025, aka rufe ta da cewa za a yi gyara na wata ɗaya, watan ya cika ba ta koma aiki ba.

Mai gajen haƙuri zai ce, to, ina amfanin kwamitin, tun da bai sa matata ta yi aiki ba? Tambayar tana da hujja, amma ya kamata a lura da abin da zaman kwamiti ke haifarwa. Alkawarin da jami'i ya yi cikin ofishinsa iska ce, gobe yana iya cewa ba haka ya faɗi ba. Wanda ya yi gaban wakilan jama'a, da rana da wata, magatakarda na rubutawa, 'yan jarida na zaune, ya zama bashi a wuyansa. Shi ya sa ake iya jera waɗannan ranaku ɗaya bayan ɗaya ba wanda zai musa. Kuma kowace takarda da aka miƙa wa kwamiti, ta kwangila ce ko ta biyan kuɗi, ta fita daga aljihun tebur ke nan, ta zama abin da mai bincike na gaba zai ɗora a kai. A 2025, bayan da aka sauya shugabannin NNPC a watan Afrilu, hukumar EFCC ta shiga binciken kuɗin gyaran matatun.

Amma fa a san iyakar wannan iko. Majalisa ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa. Ba ta korar minista, gama Shugaban Ƙasa ne ya naɗa shi, ko da yake sai da amincewar Majalisar Dattijai. Shawarar da ta yanke bayan bincike, in ba a mayar da ita doka ba, shawara ce kurum, gwamnati tana iya ɗauka tana iya ajiyewa. Wannan ya bambanta da Jamhuriya ta Farko, zamanin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, lokacin da ministoci 'yan majalisa ne, suna zaune a zaure ɗaya da masu yi musu tambaya, irin yadda ake yi a Ingila. Tun daga Tsarin Mulki na 1979 aka raba su, bisa salon Amurka, sai nauyin tambaya ya koma kan kwamitoci. Rahoton kwamiti kuwa yana iya kwana a ɗakin ajiya har wa'adin majalisa na shekara huɗu ya ƙare, in ba wanda ya tashe shi. Wannan ita ce babbar cutar binciken majalisa a ƙasar nan: ana buɗe shi da ganga, sau da yawa a rufe shi ba ko kalangu.

Binciken da ya fi kowane girgiza ƙasa kan sha'anin mai shi ne na 2012. Ran 1 ga Janairu gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, jama'a suka fito zanga-zanga, ƙungiyoyin ƙwadago suka tafi yajin aiki. Majalisar Wakilai ta katse hutunta ta zauna ran Lahadi, 8 ga wata, ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Faruk Lawan, wakilin Bagwai da Shanono ta Jihar Kano. An nuna zaman a talabijin, talakawa suka ga manya suna inda-inda kan lita nawa ƙasa ke sha a yini. Rahoton da aka gabatar a watan Afrilu ya nuna cewa naira biliyan 245 aka sa a kasafin 2011 don tallafi, amma abin da aka kashe ya wuce tiriliyan 2.5, kuma kamfanonin da ke shigo da mai sun tashi daga 5 a 2006 zuwa 140 a 2011. Daga baya EFCC ta gurfanar da dillalan mai da dama gaban kotu, wasu aka same su da laifi. Sai dai mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A 2021 kotu ta sami shugaban kwamitin da laifin karɓar dala 500,000 daga wani attajirin mai, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a 2024. Alƙaluman rahoton ba su ƙaryata ba saboda wannan, amma ya ba duk wanda rahoton ya taɓa abin fakewa.

Bulalar da ta fi zafi a hannun majalisa ita ce jakar kuɗi. Sashe na 80 ya hana a fitar da ko kobo daga baitulmalin Tarayya sai yadda majalisa ta amince. Kowace shekara, in Shugaban Ƙasa ya kawo kasafi, ministoci da shugabannin hukumomi sukan bi layi gaban kwamitoci su kare abin da suka nema, a nan ne ake tambayarsu me suka yi da na bara. Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya shi ma majalisa yake kai wa rahotonsa, Kwamitin Binciken Asusun Gwamnati ya bi shi daki-daki. Wuƙa ce mai kaifi biyu, mutanen Anacha shaida ne. A 2017 Ministan Ayyuka, Babatunde Fashola, ya fito fili ya koka cewa majalisa ta rage kuɗin gada ta biyu a kan Kogin Kwara daga naira biliyan 15 zuwa 10, ta karkata kuɗi ga ƙananan ayyuka a mazaɓu. 'Yan majalisa suka mayar masa da martani cewa kasafi ikonsu ne. Gadar, wadda kamfanin Julius Berger ya gina, an ƙaddamar da ita a watan Mayu 2023. Direban da ya taɓa kwana a cunkoson tsohuwar gada ta 1965 da tumatir yana ruɓewa a bayan mota, yana da hakkin ya tambayi wakilinsa wane gefe ya tsaya a wannan gardama.

To, wane ne wakilin Bahaushen da ya shekara ashirin a Diobu? Da yawa sukan ce nasu yana can Kano ko Sakkwato. Ga doka kuwa, inda mutum ya yi rajista ya jefa ƙuri'a, can wakilinsa yake. Wanda ya yi zaɓe a cikin Fatakwal, wakilinsa yana ɗaya daga mazaɓu biyu na birnin, sanatansa na Ribas ta Gabas ne. Na Anacha yana mazaɓar Anacha ta Arewa da ta Kudu, na cikin Inugu haka nan yana ta Inugu ta Arewa da ta Kudu. Wakili ba shi da ikon ya ce wannan baƙo ne. Ba kuma yau 'yan Arewa suka fara shiga harkar wakilci a Gabas ba: Malam Umaru Altine, mai cinikin shanu daga Lardin Sakkwato, shi ne Magajin Garin Inugu na farko a shekarun 1950, ƙuri'a ce kuwa ta kai shi, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC.

Ya kamata kuma a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Matata, da farashin mai, da babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal, da 'yan sanda, na Tarayya ne, Abuja ake kai kukansu. Filin kasuwa, da mayanka, da yawancin harajin da ake karɓa a tasha, na jiha ne ko ƙaramar hukuma, Majalisar Dokokin Jiha kuma tana da irin wannan ikon bincike a sashe na 128 da na 129. Mutanen Ribas sun ga yadda rashinta yake a 2025, daga 18 ga Maris zuwa tsakiyar Satumba, lokacin da dokar ta-ɓaci ta dakatar da Gwamna da majalisar jihar, har kasafin jihar na shekarar sai Majalisar Tarayya ce ta duba ta amince da shi.

Hanyar kai kuka a buɗe take. Ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ta direbobi, ko Sarkin Hausawa da dattawan unguwa, suna iya rubuta takardar koke su sa hannu, su faɗi abin da ya faru da ranarsa da wurinsa, da abin da suke so a yi, cikin lafazi na ladabi. In da Hausa aka rubuta, a haɗa da fassarar Turanci, gama da shi ake yawancin aikin majalisa. Sai a miƙa wa wakili, shi ne zai gabatar da ita a zaure, a tura ta ga Kwamitin Koke-koken Jama'a, kwamiti ya kira masu ƙara da hukumar da ake ƙara. Maganar da ke gaban kotu ba a karɓarta. Haka kuma Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukuma ya nemi takardun wani aiki, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. In wakili ya yi kunnen uwar shegu, sashe na 69 ya ba 'yan mazaɓa damar yi masa kiranye: fiye da rabin masu rajista su sa hannu, Hukumar Zaɓe ta tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90.