Daga Wayar Hannu Zuwa Akwatin Talabijin: Mu Koma Kallo Tare

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu a Maiha)



Da yawanmu mun tuna zamanin da kaset ɗin bidiyo ke zuwa mana daga Kano ta Mubi, bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Akwati ɗaya ne a unguwa, a shimfiɗa tabarma, babba da yaro kowa ya san abin da ake kallo. Yau kuwa kowa ya duƙufa kan wayarsa, uba bai san me ɗansa ke gani ba. To jama'a, akwai dabarar mayar da hoton waya kan talabijin, gida ya sake haɗuwa.

Hanya ta farko ita ce kebul ɗin HDMI. In kwamfuta ce, a soka baki ɗaya a jikinta, ɗayan a bayan talabijin, sai a danna Source a rimot. In waya ce sai an haɗa da adafta, amma fa ba kowace waya ke fitar da hoto ta ramin caji ba. Saboda haka a gwada a shago kafin a biya kuɗi, gani ya kori ji.

Hanya ta biyu ba kebul. Talabijin na zamani da yawa suna da Miracast, tsarin da ya fito a 2012. A nemi Cast a cikin waya, ko Smart View in Samsung ce. In fim ɗin yana cikin wayar, ba ya cin data.

Amma a yi hattara. Duk abin da ya bayyana a fuskar waya, shi zai bayyana a talabijin. Kada mutum na zaune da surukai saƙon banki ya faɗo, ko ya buga lambar sirri kowa na gani. A kashe shigowar saƙonni tukuna.

'Yan'uwa, mu baƙunta ta kawo mu. Bikin da aka yi a Katsina ko Zariya, tsohuwa ba ta iya gane fuskar jikanta a ɗan allon waya, amma a talabijin za ta gane. Yaranmu kuma, da suka tashi cikin Fulatanci da Turanci, su ji Hausar gida muna kusa muna yi musu bayani. Matasanmu su taimaka wa gidajen da ba su iya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya bar zumunci.