Jawabin Ɗan Takararmu Na Majalisar Wakilai A Babban Dodo, Birnin Zariya

Iyayena dattawan birni, malamaina, da 'yan'uwana manoma da kuka taso tun daga Dakace da Wucicciri, ina gaishe ku da kyau.

Yau maganar kuɗi zan yi, ku kasa kunne. A watan Maris na 2017, lokacin da aka rufe filin jirgin saman Abuja don gyara aka juyo da jirage Kaduna, hukumar EFCC ta kama buhu biyar cike da kuɗi a filin jirgin Kaduna. Naira miliyan 49, jama'a, an yashe su babu mai su a kusa!

To, ina irin wannan kuɗi ke tafiya? Akwai doka tun 2006, aka ƙaro wata a 2022, wadda ta ba kotu ikon mallaka wa gwamnati dukiyar da ake zargin ta haram ce, ko da ba a yanke wa kowa hukunci ba. Alƙali zai sa a riƙe kuɗin, a buga sanarwa a jarida, galibi a jira kwana 14. In ba wanda ya zo ya nuna halalinsa ne, shi ke nan, sun zama na gwamnati.

In ɓarawon baitulmali aka yi wa haka, wallahi ba mu da ja. Amma dokar ba ta san fuskar ɓarawo ba. Kai malam, ka sayar da masararka da bijimai biyu, ka ƙulle kuɗin, za ka Kano ka hau jirgi ka yi Umra. Aka tare ka, aka ce kawo shaida. Wa ke ba da rasiɗi a kasuwar Giwa? Sanarwar kuma da Turanci take, a jaridar da ba ta zuwa ƙauyenku. Mai kuɗi yana da lauya; kai fa?

Wannan ba aikin Majalisar Jiha ba ne a Kaduna. Filin jirgi da kwastan na Tarayya ne, a Abuja ake gyaran dokar, can nake roƙon ku tura ni. Zan nemi duk wanda aka karɓe wa kuɗi a ba shi takarda nan take, da sunan ma'aikacin da adadin kuɗin. A yi sanarwar da Hausa a gidan rediyo. A karɓi shaidar dillali da mai unguwa. In kuma ba a kai magana kotu cikin lokaci ƙayyadadde ba, a mayar wa mutum abinsa.

Kafin nan, ku gaya wa matafiya: wanda zai fita ƙasa da abin da ya haura dala 10,000, ya bayyana wa kwastan, kada ya ɓoye.

Ranar zaɓe ku fito da sassafe da katinku, ku da iyalanku. Allah ya mai da kowa gida lafiya.